Yatsan Rifkatu

Daren Asabar, ranar zaɓe, Shanga.

Tun da matata Rifkatu ta makance, ni ke yi mata jagora, don haka ni aka bari na shiga da ita rumfar ƙuri'a. Ta ce, "Malam, ɗora yatsana kan wanda zai kawo mana likitan ido."

Mutumin nan kuwa da shaidar zur ya ƙwace fadamar gwauraye biyu na ikilisiyarmu. Kirista ba ya ɗaukaka irinsa. Na kama hannunta, na dangwala wa abokin takararsa.

A hanya tana ta murna, wai bana za ta ga jikokinta. "Allah ya saka, Malam." Na amsa da amin.

Ba zan gaya mata ba. Gara ta isa gaban Ubangiji da makantarta, da ta isa da wannan ƙuri'a a wuyanta.