Haƙorin da Na Baro a Yashin Badagry

Agege, Legas

Zuwa ga Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Mariamu da abin da take ɗauke da shi. Mu nan lafiya lau, in ka cire haƙorina na gaba, wanda na baro a cikin yashin ƙauyen nan na bayan Badagry. In ka ci karo da shi wajen gudunku ka ajiye, gadonka ne.

Ka ga na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro. Tun da aka haife ka bakina bai taɓa kiransa ba saboda kunyar ɗan fari. Yau biro ya kira. Takarda kuma na zaɓa, duk da a aji huɗu na yi sallama da boko, domin yanzu in na ɗaga murya a waya iska ce ke bi ta gurbin haƙorin, faɗan ya lalace ya koma fito.

Zuwan dai ni na kai kaina, ba wanda ya aike ni. Ƙanwarka Humaira ce ta nuna mini hotonka a waya, kana gaba, masu kuɗin Ikoyi maza da mata suna bin ka a guje a bakin teku, an rubuta wai kowa ya zo ranar Asabar. Ni kuma na ɗauka ina cikin kowa. Dama likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Na je kasuwar Katangowa na sayo takalmin kambas na gwanjo, ɗaya ya fi ɗaya girma, mai sayarwa ya rantse gudu zai daidaita su. Na ci ɗumamen tuwo, na ɗora kunu, na hau motar danfo, na hau kwale-kwale, duk don in ba ka mamaki. Na kuwa ba ka.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ina fushi: hanyar nan taka tana da kyau. Duk shekarun da na yi ina jan tanka daga Apapa zuwa Seme, ban san akwai wuri irin wannan a bayan titi ba. Itatuwan kwakwa dama da hagu, kogi a kwance ta nan, teku na ruri ta can, mata na bandar kifi, kaguwa na tsere wa ƙafar mutum. Kallon nan ne ya kayar da ni. Na iso kun riga kun tashi, na naɗe riga na bi bayanku da irin gudun kama ɓarawo. Ido na sama wajen kwakwa, ƙafa ta shige igiyar tarun masunta.

Abin da ya biyo baya shi ne naka. Kuka juyo kuka same ni zaune, baki duk jini, matan masunta na ba ni ruwan kwakwa suna dariya da yarensu. Wata mai baƙin tabarau ta tambaye ka ko ka san ni. Turancina na tashar mota ne, amma ya isa in ji amsarka. Ka ce wani aboki ne daga tsohuwar unguwarku. Kai ka san abin da ake nufi da aboki a garin nan: mai gadi, mai goge takalmi, mutumin da ba a tambayar sunansa. 'Yan tasha sun kira ni haka, 'yan sanda sun kira ni haka, na yi dariya na wuce. Ban taɓa zaton zan ji ta a bakin wanda na koya wa alwala ba.

Allah ya saka wa Monica, 'yar Kafanchan ɗin nan da ke cikin mutanenka. Ita ta durƙusa ta yi mini sannu da Hausa, ta dubi kunnuwana, ta dubi naka. Kunnuwan gidanmu ba sa ɓuya, kamar ƙofofin mota ne da aka bari a buɗe.

To ka ji. A cikin kwale-kwalen dawowa na rantse da Allah ba zan sake taka gidanka ba sai na gama hanyar nan da ƙafata, daga bakin kogi har inda kuke tsayawa, a gaban mutanen nan naka.

Ka gai da Mariamu, ita ba ruwanta.

Ni ne wani aboki daga tsohuwar unguwarku,
Alu Direba

Agege, Legas

Zuwa ga Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, yaya aiki, yaya jikin Mariamu? Allah ya sauke ta lafiya. Mu nan da sauƙi, sai gwiwoyina da suka kai ƙarata wajen ƙuguna.

Kamal direban danfo ya kawo saƙonka, da shadda da takardar ban haƙuri. Ga shaddar nan na mayar. Takardar na riƙe, don na ga rubutunka ma bai fi nawa ba, kai da ka gama sakandare.

Ka ce tsoro ne ya kama ka. Wai mutanen nan da ƙyar ka samu suka yarda da kai, in suka san ɗan direban tanka ne daga Agege ba za su ƙara bin ka cikin daji ba, ga haihuwa na tafe. Na karanta sau biyu, na gane. Wato ka auna ni da abincinka, abincin ya fi nauyi. Humaira ta ce a can ma ba Zulkifilu kake ba, Koci Zi ake ce maka, wai mai horar da su gudu. Rago guda na yanka aka raɗa maka sunan nan, ka datse shi ka bar guntu. Da na sani da kaza na yanka.

Kada ka ɗauka rantsuwar wasa ce don ka san ni da barkwanci. Kullum bayan asuba ina bakin layin dogo da kambas ɗina. Nan ba kwakwa, ba teku, sai kwata da bola da shanun da ake kora wa mayanka. Ranar farko wani ɗan dako ya ga ina gudu, ya jefar da kayansa ya bi ni ya wuce ni, sai can gaba ya tsaya ya tambaye ni me ya faru. Yahuza mai shayi kuwa ya juya bencinsa ya fuskanci layin, ya ce tun da na fara cinikinsa ya ƙaru. Masu okada suna bi na a hankali suna cewa in hau kyauta. Duk na shanye. Da daga masallaci zuwa shagon Yahuza nake ƙarewa, yanzu ina kaiwa mahaɗar jirgi kafin in ga duhu-duhu.

Mahaifiyarka ba ta yi mini magana, ajiye kwano kawai take yi ta juya. Ta kai ni ƙara wajen Malam Shamsuddeen limaminmu. Ya zaunar da ni ya ce rantsuwar da za ta raba uba da ɗa karya ta ake yi, in ciyar da miskinai goma shi ke nan. Na ce masa na ji, na kuma san gaskiya ya faɗa. Amma kaffara tsakanina da Ubangijina za ta gyara. Abin da kunnena ya ji a bakin teku, ko mutanen Agege duka na ciyar yana nan.

Kada ka ƙara aiko mini da kaya. Ba tsirara ka same ni ba.

Ni ne dai abokin nan,
Alu Direba

Agege, Legas

Zuwa ga wancan yaron,

Assalamu alaikum. Barka da arziki. Yaya mai jego, yaya baƙon? Allah ya raya shi, ya ba shi halin uwarsa. Humaira ta nuna mini hotonsa. Kunnuwan sun fito, ba yadda za ka yi da su.

Mahaifiyarka ta tattara ta tafi wajenku ba ko sallama, ta bar ni da burodi da shayin Yahuza. An ce suna ranar Lahadi ne, a gidanka, kuma wai sunana za ka sa masa. Kada ka zaci ban gane wayon ba. Yaron da aka sa wa sunan kakansa, ubansa ba ya kiran sunan, sai a ce Abba ko Baba. Ka samo hanyar da za ka ci gaba da ƙin faɗin sunana, har a yaba maka ladabi.

To ga inda muke. Suna Lahadi, gudunku Asabar, wata Asabar ɗin babu a tsakani. Na koma wajen likita, ya auna ni ya girgiza kai, ya ce shi tafiya ya ce in riƙa yi, ba tsere ba, yashi kuma ya fi kwalta cin ƙarfi. Na ce masa ai na ɗanɗana yashin, na san shi. Gaskiyar magana, har yau ban taɓa yin rabin tsawon hanyarku ba tare da na zauna ba.

Duk da haka ina zuwa. Ba don kai ba. Akwai mai sunana a gidan nan da bai yi mini laifin komai ba, kuma ba zan bari a yi masa addu'a ina Agege ina tsoma burodi a shayi ba. Ba zan ci tuwo ba wannan karon, kuma ba zan kalli kwakwa ba.

Sharaɗina kaɗan ne. Kada ka canja rana, kada ka rage hanya, kada ka sallami mutanenka. Ina son mai baƙin tabarau ɗin nan ta zo. Monica ma ta zo, ita ce shaidata. Ku yi gudunku, ni zan biyo da nawa, ko da rana za ta take kafin in iso. Ka tanadi ruwan kwakwa a ƙarshen hanya, don matan masunta sun riga sun yi nasu.

In na kai, na sauke abin da na ɗora wa kaina, in shiga gidanka in ɗauki takwarana. In kuma na faɗi a hanya, kada ka yi saurin ɗaga ni. Ka tsaya a kaina tukuna, ka juya wajen mutanen nan, ka faɗa musu ko wane ne ya faɗi.

Ni ne kakan Aliyu,
Alu Direba