Sarƙa a Hannun Famfo

Tampiyili, farkon rani

Zuwa ga ƙanena Ziblim,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Fuseina da 'yan mata. Yaya Kumasi, yaya kasuwar doya? Mu nan sai godiya. Mma, tsohuwarmu, tana gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya ƙare, gwiwar kuwa tana nan daram.

Bayan gaisuwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Masu haƙa sun gama, sun kafa famfo a bayan ɗakin shan maganinmu, sun kwashe injinsu sun tafi. Allah ya saka maka da alheri, wannan na faɗa kuma zan sake faɗa. Amma ƙurar motarsu ba ta gama kwanciya ba sai ga Tindana, mai kula da ƙasa, da sandarsa da wata tsohuwar sarƙar babur. Ya ɗaure hannun famfon, ya buga kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Ko lokacin da masu haƙa ke gwaji, tsaye ya yi a kansu kada wani ya kai baki. Wai al'ada: sabuwar rijiya ba a shan ta sai wanda ya ba da kuɗin haƙa ta ya zo ya fara kurɓa a gaban mai ƙasa, ya faɗi sunan da za a riƙa kiran ta da shi. In kuwa wani ya riga shi, ta ɗauki sunan wanda ya sha ɗin ke nan har abada.

Na ce, "Baba, wannan ai ba rijiya ba ce, ƙarfe ne." Ya ce, "Ruwan daga cikin ƙarfen ake haifar sa, ko daga ƙasata?" Na juya na koma bakin aikina.

To ga ni nan, ina leƙen famfo ta taga kamar mai azumi da randa. Mata suna wucewa ta gabansa da garwa a ka, su nufi dam. Ka san dam a wannan lokaci, shanu sun tattake shi, ruwan ya koma kalar koko. Masu kurkunu sun cika mini baranda, kowa ya miƙe ƙafa yana naɗe tsutsarsa a tsinke. Da wannan ruwan nake wanke hannu in karɓi haihuwa.

Ka tuna Lamisi mai man kaɗe, ta bayan gidanmu? 'Yarta Tiyumba, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ita kaɗai ta rage mata. Gudawa ta kama yarinyar. Na ba ta ruwan gishiri da sukari ta miƙe, ta koma gida ta sha dam, yau ga ta an sake goyo mini ita.

Ka biyo motar Abukari da ya kawo maka wannan takarda, ka zo ka kurɓa ka koma kasuwarka. Maƙogwaronka kaɗai muke bukata.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Sanatu

Kumasi

Zuwa ga Yayata mai daraja, Malama Sanatu,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mma da dukkan dangi, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso hannuna, na karanta, na kuma fahimci abin da ke ciki. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya ba da lada.

Yaya, abu irin wannan ba a yin sa a tsaitsaye. Ƙungiyar 'yan Tampiyili mazauna Kumasi ta zauna a kan maganar, an yanke cewa za mu zo gaba ɗaya cikin mota guda. An riga an zaɓi atamfar da mata za su ɗinka. Na yi magana da makaɗa. Akwai kuma dutsen da na ba mai sassaƙa ya rubuta sunan rijiya, wanda za a kafa a gefenta, bai kammala ba tukuna. Ga shi doya tana kan shigowa, in na ɗaga ƙafa daga rumfa yaran nan sai su sayar da ni har da takalmina. In Allah ya yarda ƙarshen wata muna tafe. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin nan, ina ba da shawara a riƙa tafasa ruwa, a kuma tace shi. Na ba Abukari ƙyallen tata da buhun sukari ƙarami da man zafin Mma. Idan kuma abin ya matsa, ki nuna wa Tindana wannan takarda: ni Ziblim na yarda a ɗebi na wanke hannu a ɗakin shan magani, da sharaɗin kada kowa ya sha.

Allah ya ba 'yar Lamisi lafiya. Ki isar mini da gaisuwa wurin Tindana da dattawa cikin girmamawa.

Wassalam.
Ƙanenki mai biyayya, Alhaji Ziblim

Tampiyili, tsakiyar rani

Ziblim,

Ina gaishe ka, ina gaishe da ƙungiya, ina gaishe da atamfa. Da fatan doya ta yi albarka.

Wai sannu ba ta hana zuwa. Ka cinye rabin maganar ne? Sai dai a daɗe ba a je ba. Wata ya ƙare, wani ya tsaya, ya yi ƙiba, ba mu ga ƙeyarka ba.

Na kai wa Tindana takardarka. Ya sa malamin makaranta ya karanta masa sau biyu, ya jujjuya ta a hannu, ya ce, "Ita wannan tana da maƙogwaro?" Na ce to ya buɗe in cika galan, Abukari ya kai maka Kumasi ka sha a can, shi ke nan kowa ya huta. Ya ce ruwan da ya hau mota ya zama baƙo, ƙasa ba ta san shi ba. Na ce, "Baba, yara suna zawo kamar an ɓalle tulu." Ya ce shi ma jikansa yana kwance, kuma ba shi ya ƙirƙiro al'ada ba, tarar da ita ya yi. Ya ce in da gaske nake, in kira ƙanena. Ka ga an bar ni tsakanin tsoho mai makulli da alhaji mai atamfa.

A tafasa ruwa, in ji ka. Da wane icen? Ka daɗe a birni har ka manta inda matan garin nan ke zuwa neman ice. Wanda Lamisi ta samo, da shi za ta soya ƙwarar kaɗe ta sayar su ci, da shi za ta tuƙa tuwo. Ranar da ta tafasa, yarinya ta fita wasa ta sa kai a randar maƙwabta. Ƙyallen naka kuwa yana tare kurkunu, amma gudawa ratsa shi take yi ta wuce. Biyu daga ciki ma na gan su a kan wasu mata ranar kasuwa, sun zama ɗankwali.

Ni na goye ka, Ziblim. A bayana ka yi fitsarinka har ka yi wayo, don haka kada ka rubuto mini da muryar shugaban taro. An sake kawo Tiyumba. Wannan karon ba ta ko kuka, idanun sun faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya a tattare. Ina tafasa mata da icen girkin Mma. Uwar tana zaune a ƙofa, bayanta ga famfo, ba ta taɓa ce mini komai a kansa ba, wannan ya fi ci mini rai.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Me kake jira ne, tsakaninka da Allah?

Mma tana gaishe ka. Ka huta lafiya.
Sanatu

Kumasi

Yaya,

Ina gaishe ki, ki gaishe da Mma.

Kin tambaye ni tsakanina da Allah, to zan ba ki amsa haka. Ba atamfa ba ce, ba makaɗa ba ne. Wumpini ne.

Ke kika ɗora mini shi a cinya a motar Tamale, ke kika ce in riƙa ɗiga masa ruwa a baki. Kin san inda ya cika. Ruwan dam ɗin nan ne ya cinye mini shi, ɗana namiji tilo, ko hoto bai bari ba. Tun ranar ban sake kwana a Tampiyili ba, kin lura ko ba ki lura ba. Kowace doya da na sayar a shekarun nan, sai na cire na rijiya. So nake in tsaya a gaban Tindana in kurɓa in ce Wumpini, yadda kowace safiya matan garin za su ce, "Zan je Wumpini in dawo." Sunansa ya riƙa yawo a bakin mutane ko bayan ba mu. Shi ke nan abin da nake nema a duniya.

Sau biyu ina zuwa tasha da jakata, in na tuna motar za ta bi ta gefen dam sai in juyo gida. Na ce in dutsen ya kammala zan rungume shi in hau, ko ba kowa tare da ni. Mai sassaƙa ya yi alkawarin sati biyu. Ki taya ni haƙuri, don Allah kada ki bar kowa ya taɓa.

Allah ya tashi kafaɗar yarinyar.
Ƙanenki, Ziblim

Tampiyili

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Fuseina. Takardarka ta sa ni kuka, ban taɓa mantawa da Wumpini ba, ni na yanke masa cibi. Amma ta iso a makare, da ma ta iso da wuri ba abin da za ta canja.

Na karya sarƙar.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka. Lamisi ta shigo a guje da yarinyar a hannu, ta yi laushi kamar tsumma. Na leƙa randa ba ko ɗigo, tafasasshen ya ƙare tun safe wajen wata haihuwa. Kafin a je dam, a dawo, a hura wuta, ya tafasa, ya huce, ai sai dai a wanke gawa da shi. Na ɗauki gatarin Mma na fita. Ban yi shawara da kowa ba, kai ma ban tuna da kai ba, gaskiya ke nan. Ruwan ya fito garau, har kana ganin ƙasan kwano. Na dama gishiri da sukarin da ka aiko, na ba ta da cokali. Ta haɗiya, ta buɗe ido, ta kama kwanon da hannu biyu.

Tindana ya iso yana haki, mutanen kasuwa a bayansa. Na ɗauka zai ɗaga mini sanda. Ya dubi sarƙa a ƙasa, ya dubi yarinya, ya ce, "Wa ya fara sha?" Aka nuna masa. Ya ce to magana ta ƙare, rijiyar Tiyumba ce, ni kuma ya ci ni tarar akuya. Daga nan ya aika a kawo tulun gidansa, shi ne na farko a layi. Wata biyu tsohon nan yana jiran wanda zai ɗauke masa laifin, ni kuwa ina zaune ina rubuta takardu kamar sakara. Haushin kaina ya fi na kowa.

Tiyumba ta kwana biyu tana sha. Jikin ya riga ya gaji, Ziblim. Ranar Alhamis da hantsi ta koma ga Mai ita.

Masu gudawa sun fara raguwa a baranda, jikan Tindana ya miƙe, ina wanke hannu da ruwan kirki. Da safe ina jin mata ta taga suna cewa, "Zan je Tiyumba in dawo." Lamisi ba ta zuwa, maƙwabta ke ɗebo mata. Ka so rijiyar ta ɗauki sunan yaron da ruwan dam ya cinye. To ta ɗauka.

In za ka yi fushi da ni ka yi, amma ka zo ka yi shi a nan. Mma tana tambayar ka.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Sanatu

Kumasi

Yaya,

Ina gaishe ki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dutsen ya kammala ranar da takardarki ta zo. Na mayar wa mai sassaƙa, na ce ya juya bayan dutsen ya rubuta Tiyumba. Wannan fuskar za ta kalli masu ɗiban ruwa, ta Wumpini ta kalli bango.

Ina tafe a motar Abukari ran Asabar, ni kaɗai, da akuyar Tindana. Ki tambayar mini Lamisi ko za ta yarda in shiga in yi mata gaisuwa. In ta ce a'a, zan tsaya a ƙofa.

Ki gaishe da Mma.
Ziblim