Littafin Ƙirgar Motoci

Yaya,

Gaisuwa ta musamman daga Sarkin Ƙofa, mai ɗaga ƙarfe Farfesa ya wuce, mai saukewa Farfesa ya tsaya, zuwa ga duk mai numfashi a gidan nan: ke, maigidanki, yara, maƙwabta, har kyanwar nan mai satar madara. Ya ƙafar taki? Da fatan kumburin ya sauka. Kiyi haƙuri da rubutun, kinsan ni da biro bama shiri.

Albishirinki! Ƙanenki ya zama malamin jami'a. Ba Auta nake nufi ba, shi ai ya daɗe da zama Dokta. Ni nake nufi.

Kinsan ƙididdiga yake koyarwa, wato a tara lambobi a zuba a kwamfuta a matsa su har su faɗi gaskiya. To wata uku kenan da ya bani littafi, yace duk awa in rubuta yawan motocin da suka shigo ta babbar ƙofa, ɗalibansa zasu yi karatu da shi. Na cika shi taf, kowane shafi na zana rawani a sama dan a san aikin sarki ne. Ga gadi, ga ƙirga, ga ɗauko masa 'yarsa daga makaranta kullum ƙarfe biyu a babur, tunda matarsa bata tashi aiki da wuri. Mutum ɗaya, aikin mutum uku. Ina ake samun irina?

Yace ranar Laraba in zo aji in zauna a gaba. Na kai farar rigata guga.

Naki,
Sarkin Ƙofa

Yaya,

Ina gaida kowa. Ya jiki? Ni ƙalau, wai.

Naje. Ɗakin cike da kwamfutoci, sanyi kamar cikin firij, ɗalibai sun fi ɗari. Na shiga ina ɗaga hannu kamar ɗan takara. Auta ya kunna majigi, sai ga littafina a bango, ƙato, har rawanin. Ya rufe sunana da baƙin layi. Yaya, mutum nawa ne ke zana rawani a jami'ar nan?

Sai yace darasin yau shine yadda ake gane lambobin ƙarya. Wai in mutum ya ƙirga da gaske, lambar takan ƙare da komai, talatin da bakwai, sittin da ɗaya. In kuwa daga kansa ya ciro, sai kaga arba'in, arba'in da biyar, hamsin. Ya ce su nemo. Minti goma basu yi ba wata mai tabarau ta ɗaga hannu, tace duk awoyin gaskiya ne banda ƙarfe biyu zuwa uku, nan kam mai ƙirgar baya wajen. Aka kwashe da dariya. Nima nayi, har da dukan cinya, tunda idon kowa na kaina. Auta yana ta yaba mata.

Eh, na cike gurbin da ka. Ina kan babur da jakar 'yarsa a wuya, da me zan ƙirga? Kuma dan kar littafinsa yayi giɓi nayi, ba dan a biyani ba.

Wani ya ɗauki hoton bangon a waya, kafin la'asar ya kai ga shugabanmu na masu gadi. Litinin zan tsaya gaban kwamiti in faɗi inda nake zuwa ƙarfe biyu. In na faɗa, Auta ya shiga uku, ya maida mai gadin jami'a ɗan aikensa, ga shi yana jiran ƙarin girma. In nayi shiru, ƙofata ta tafi, shekara goma sha tara ina kanta. Amma na san zai zo ya faɗa da bakinsa. Ni na goya shi fa.

Naki,
Sarkin Ƙofa

Yaya,

Gaisuwa ga kowa da kowa. Allah ƙara sauƙin ƙafa.

Bai zo ba. Na zauna a bencin waje tun takwas, duk takun da naji a matakala sai na miƙe. Saƙo ya turo a waya, wai yana taro, wai wallahi shi lambobi kawai ya gani, bai lura da wace awa bace. Dokta guda, ya gane ƙarya daga wutsiyar lamba, bai gane lokacin tashin 'yarsa ba.

Na shiga nace musu barci nake zuwa yi bayan ɗakin janareta. Suka rubuta. Basu koreni ba, sun dai maidani ƙofar baya, wajen juji, inda motar shara ce kaɗai ke wucewa. Yanzu ƙirgata ba kuskure. Jiya ɗaya. Yau ɗaya. Duk Farfesan da ya isa yazo ya bincika.

Jiya Auta ya tsaya daga nesa a motarsa, ya sauke gilas, ya ɗaga min hannu. Na sara masa yadda nake sara wa baƙi.

Yaya, abu ɗaya nake so. Ki buɗe akwatin ƙarfen marigayiya Inna, can ƙasa cikin tsohon zaninta akwai sakamakon jarrabawar Auta na aji huɗu, wanda yaci sifili a lissafi. Kin tuna? Ni na ɓoye shi, nace wa Baba a hannuna ya faɗa kwata, na sha dukan da na kwana biyu ban zauna ba.

Kar ki tsorata, ba majigi zan sa shi ba, bani da ɗalibai. Ta ƙasan ƙofar ofishinsa zan tura. Ya duba kwanan watan, tunda ya iya lissafi yanzu, ya ƙirga shekara nawa nayi ban nuna wa kowa ba.

Ki bawa direban da zai taso ranar Asabar. Ki sa a leda kar ya jiƙe.

Ƙanenki,
Sarkin Ƙofar Baya