Zainabu Ta Yi Wata Kakar

Assalamu alaikum, Yaya Hajara. Ya jiki, ya ƙafar, ya yara da mutanen Kano? Maƙwabciyata ke rubuta min daga unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki.

Yaya, jikata Zainabu da ke jami'a a Amurka ta turo bidiyon walimar ɗalibai 'yan tsibirin Hawai. Alade suka gasa cikin rami! Ta rantse kirɓaɓɓen gwaza kawai ta ci, na yarda. Amma na ga wata tsohuwarsu ta rataya mata furanni, ita kuma ta rungume ta tana "kaka, kaka". Wai wajenta za ta yi hutun bana.

Ni ba iƙama, takardar izinin zama, in na fita ƙasar ba dawowa. Ina tsoron in mutu ban ƙara ganinta ba. Ki yi mana addu'a, ki gaishe da Malam.

Ƙanwarki, Ladi