Tabon Gilashin Bas

Litinin, 3 ga Maris
Tabon nan na gilashin bas ya ishe ni. Gefen dama, daidai inda nake duba masu tsallaka titi. Na goge da tsumma, na wanke da sabulu, yana nan daram. Yaran makarantar da nake ɗauka har sun laƙaba mini Baba Goge-goge. 'Yan banza.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai wa bakanike motar, na ce ya canza gilashin. Ya leƙa ciki, ya leƙa waje, ya ce, "Direba, gilashin nan ya fi zuciyata tsabta." Na ce ai zuciyarka ba abin awo ba ce. Muka yi dariya. Da na juya zan tafi, sai ga tabon a kan farin bangon garejinsa.
Na ja motar na tafi.

Asabar, 8 ga Maris
Uwar yara ta kama ni ina goge fuskar waya. "Baban yara, jiya madubi, yau waya. Yaushe rabonka da asibitin suga?" Na ce ni na san jikina. Wai tun bara aka ce mai suga ya riƙa kai idonsa a duba duk shekara, ko ba ya ciwo. To ido ba ya ciwo, in je in ce me? In suka hana ni tuƙi fa? Ban iya komai ba sai sitiyari.

Litinin, 10 ga Maris
Na rufe idon hagu a banɗaki don in gwada na dama. Ba zan ƙara ba.

Laraba, 12 ga Maris
A mararrabar kusa da makaranta wata mata da goyo ta fito daga cikin tabon. Daga cikinsa ta fito, wallahi, babu ita sai ga ta a gaban mota. Na taka burki, yara suka zube kan juna, wata 'yar ƙarama ta fasa leɓe a ƙarfen kujera. Matar ta zage ni tas, ban ji haushi ba. Yarinyar tana kuka tana cewa, "Baba, ba ka gan ta ba ne?" Na ce gilashi ne.
Tsoro nake ji. A littafin nan kaɗai zan iya faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris
Na je asibiti, an ɗiga mini magani a ido, duniya ta yi fari fat. Likita ta nuna mini hoton cikin idona: suga ya ci ƙananan jijiyoyi, suna yoyon jini. Na dama ya yi nisa, na hagu ya soma. In aka fara allura yanzu, na kuma riƙe suga da kyau, akwai fatan a tsare abin da ya rage. Allura a cikin ido! Na ce zan yi shawara. Ta ce, "Malam, yi shawararka, amma ba a kan sitiyari ba." Uwar yara ta riƙe hannuna har gida, ko "ai na faɗa maka" ba ta ce ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris
Na ba shugaban makaranta makulli. Hutu ne kawai, haka na gaya masa. Na nuna wa sabon direba yadda burki yake da taurin kai, da yaran da ba a barinsu kujera ɗaya. Yarinyar nan da ta fasa leɓe ta ɗago mini hannu ta taga, na gan ta da idon hagu.
Na miƙa wa sabon direban tsumman. Ya dubi gilashin ya ce, "Baba, ai fes yake." Na ce na sani.
Allura ranar Alhamis. Na ce wa uwar yara ta tashe ni da wuri.