Minti Huɗu Kafin Ta Gane Ka

Ålesund, 3 ga Nuwamba

Mijina Torleif,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Hammerfest bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Mu nan da sauƙi.

"Mako shida kacal, Gunvor. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka na dawo." Haka ka ce a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Ta sauka, ta narke, ga wata tana hanya.

Kada ka sake yi mini bayanin aikinka. Littafin da ka bari a kan tebur na karance shi, shafi ɗari huɗu, don ba ni da abokin hira. Na gane: ɗan allon lantarki ne da kake sake wa hanyoyin ciki tsari yadda ka ga dama, ba sai an ƙera sabo ba, don kyamarar masana'anta ta hango ƙaya a tsokar kifi kafin bel ɗin da ke jan kifin ya wuce da ita. Na kuma gane abin da littafin bai faɗa ba. Tunda allon ba ya ƙin gyara, kai ba za ka taɓa gamawa ba. Kowane gwaji sai kwamfuta ta yi awa tara tana haɗa shi, kana gadinta da kofi, kana rubuto mini saura ɗaya.

Ni na ajiye koyarwa na zauna da mahaifiyarka. Ni ke mata wanka, ni ke yanka mata burodi da cuku ƙanana-ƙanana. Ran Talata ta ɗauka ma'aikaciyar jinya ce ni, ta ce, "'Yar nan, ki gaida mijinki, in kina da shi." Na ce zai ji. To, ka ji.

Ka rubuto da murna cewa yanzu na'urarka tana gane hoto kafin ƙiftawar ido. Barka. Ni ma ina nawa awon. Kowace safiya ina jingina hotonka kusa da kofin mahaifiyarka, ina duban agogo. A watan Mayu nan take take cewa Torleif. Jiya sai da ta yi minti huɗu, shi ma da taimakona.

Jirgin ruwa kullum yana tasowa daga wurinku. Na ba ka zuwa Lahadi, sha shida ga wata. In ba ka shigo gidan nan ba, wanka da burodi ba zan fasa ba, don ita ba ta yi mini komai ba. Amma ran Litinin, in ta nuna hoton ta tambaye ni wane ne wannan, zan ce ni ma ban sani ba.

Ka kula da gwiwarka.

Matarka,
Gunvor