Ni Na Ce Kada Ta Shigo

Talata, 24 ga Maris 2020

Majo, shugaban likitarmu, wato asibitin da nake aiki, ya tura mu unguwa-unguwa mu faɗakar da mutane kan korona. Na fara da Inna Zuhura, tunda katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na ce, "Inna, kullum ina taɓa marasa lafiya, ke kuma ga hawan jini. Kada ki ƙara shigowa gidana sai cutar nan ta wuce." Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ko na ji kuka, ɗiyata?" Na yi dariya. Oho abin da ya ba ni dariya. Bara sau uku tana faɗowa ba sallama, ta tsaya tsakanina da mijina Yunusu. Ƙawar marigayiya mahaifiyarsa ce, ita kaɗai yake jin kunya a duk garin Tawa. Amma na sa ta yi mini alkawari. Ni sarkin iya aiki.

Litinin, 30 ga Maris

An rufe Yamai, ba shiga ba fita. Motar da Yunusu yake jigilar Yamai da ita tana ƙofar gida, ya lulluɓe ta da tanti. A da sai ya yi kwana huɗu a hanya, in sha iska. Yanzu safe yana nan, azahar yana nan.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Wai ina warin asibiti. Wai ni zan kawo masa mutuwa har cikin tuwo. Mari biyu, kunnen hagu yana ta ƙara.

Asabar, 18 ga Afrilu

Yau da bel ne, da hantsi, saboda na taɓa butarsa kafin in wanke hannu. Na ji takun Inna ta zo jikin katanga. "Yunusu, ka ji tsoron Allah! Yunusu!" Ya dakata yana kallon ƙofa. Ni ma ƙofar nake kallo. Ba ta buɗu ba. Da ya gane ba za ta shigo ba, sai ya ci gaba. Wallahi fuskarsa a lokacin ta fi bel ɗin yi mini ciwo.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Azumi. Mama ta kira daga Damagaram, na ce lafiya lau. In na faɗa me za ta yi daga can? Haƙuri za ta ce.

Laraba, 6 ga Mayu

Leɓena ya fashe. Takunkumin fuska ya rufe, ba wanda ya tambaya a wurin aiki. Wata mata daga Barmu ta zo da kumburarren ido, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Na rubuta ƙofa. Na ba ta magani, ba mu haɗa ido ba.

Inna tana miƙo mini kunu ta bisa katanga. Yau ta riƙe kwanon ba ta saki ba, ta ce, "Nasiratu, ki sake ni daga alkawalin nan." Na ce a'a, in wani abu ya same ki fa? Gaskiya ce. Amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Ba na so ta ga yadda na koma.

Juma'a, 15 ga Mayu

An buɗe masallatai. Ya je Juma'a, ya dawo da dabino, ya ajiye mini. Na ce na gode. Har da russunawa.

Talata, 2 ga Yuni

Hanya ta buɗu, amma ya ce motar tana son gyara. Yau bayan la'asar ya fara, kan miya. Inna ta zo ta gaba, na ji sandarta. Ta tura ƙofa, ta bubbuga. "Nasiratu, buɗe min! Na karya alkawalin, cutar ta kashe ni in ta so. Mi ya hwaru?"

Ina zaune a ƙasa kusa da randa. Na gyara murya na ce, "Lafiya lau, Inna, kwano ne ya faɗi." Ta daɗe a tsaye kafin in ji sandar tana komawa.

Sai da na zo rubuta wannan na tuna. Ba shi ya sa sakata ba. Ni na sa, tun da na ji muryarsa ta fara tashi.